A Bayan Motar Baba Bulus

Akwai wani labari da gwaggonku Talatu take ba ku tun kuna ƙanana, ku yi ta dariya, ni ma in taya ku. Wai ranar da aka haifi yayarku Maryam, ubanku da duk hanyar Garaku ta san shi da gudu ya biyo motar da ta ɗauko mahaifiyarku yana jan jiki a baya har cikin Keffi, saboda man mashin ɗinsa ya kusa ƙarewa yana lallaɓa shi. Na bar labarin yana yawo shekara da shekaru, don ya fi mini sauƙi a ce rowar mai ce ta kama ni. Yanzu ido ya fara gajiya, gwiwa tana ƙara idan na tashi daga sallah, Maryam ɗin ma ta zama uwa. Gara ku ji daga bakina. Tankina cike yake ranar nan, da safe na cika shi.

A shekarun nan gyaran injin niƙa nake yi. Ni haifaffen Keffi ne, mahaifiyarku ma haka, gidansu na unguwar Jigwada kun san shi. Amma a cikin gari masu gyara sun yi yawa, sai na ɗauke ta muka koma wani ƙauye gaba da Garaku, na kama ɗaki a gidan wani manomi. Daga nan nake zagaya ƙauyuka da akwatin sifanu ɗaure a bayan mashin. Ku da kuka tashi kuna sayen gari a leda ba za ku gane ba. Idan injin ƙauye ya tsaya, tuwon dare ne ya tsaya. Mata za su jera kwanuka a ƙofar ɗakin injin su zauna, kowace da goyonta, suna kallon hanya. In na iso da wuri a yi mini guɗa, in na makara in sha harara har in ɗaure ƙusar ƙarshe. Masu mashin na tashar Garaku suka sa mini suna Idi Walƙiya, kuma ba zan ɓoye muku ba, sunan yana yi mini daɗi.

Titin ma ba wannan na yanzu ba ne mai hannu biyu da kuke bi kuna danna waya. Siriri ne, mota ɗaya ta tafi ɗaya ta dawo, ruwa ya cinye gefensa. Daga ƙauyenmu kuwa kafin ka fito kwalta sai ka yi ta kewaya gindin duwatsu, kwana na bin kwana, ba ka ganin abin da ke tahowa sai ya zo maka hanci. To daɗin mashin a cikin kwanar nan yake. Ka sassauta, ka kwanta da shi, ka ji ya ɗauke ka ya miƙe da kai. Wanda bai taɓa ɗanɗanawa ba ba zai san abin da aka raba ka da shi ba idan ka shawo kwana ka tarar da wani ya baje a tsakiyar hanya yana tafiyar hawainiya. Ba zai yi gudu ba, ba zai matsa ba. Ka danna masa hon, ya ɗago maka hannu kamar gaishe shi ka yi. Hayaƙinsa a idonka, ƙurarsa a haƙoranka, mashin yana ɗaukar zafi a ƙaramar giya, can kuma mata suna jira da kwanuka. Har gobe ban daina jin haushin irin waɗannan ba, kada ku ɗauka tsufa ya gyara ni. Mai tafiya a hankali bai yi laifi ba, amma ya raɓe gefe mana, hanya ba gadon gidansu ba ce.

Sarkinsu duka shi ne Baba Bulus. Dattijo ne ɗan ƙabilar Mada, maƙwabcinmu a ƙauyen, gajere mai furfura, dattijon cocinsu. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura mai rufin tamfol da yake kai mata da doya da kaji kasuwa. Ba na jin motar nan ta taɓa sanin tana da giya ta huɗu. Idan Baba ya hango rami sai ya tsaya ya yi shawara da shi kafin ya shiga. Kuma kamar da gangan, duk ranar da nake cikin sauri shi zan tarar a gabana, a inda hanya ta fi matsewa. Wata ranar kasuwa abin ya ishe ni, na samu na kutsa ta gefensa, na tare gabansa na tsaya. Na ce masa in tsoron motar yake ji ya sayar da ita ya sayi jaki, ko ba komai jaki yana kaucewa idan an yi masa magana. Matan da ke baya suka yi ta ƙyalƙyala dariya. Shi kuwa ya leƙo ta taga, ko ɓacin rai babu a fuskarsa.

"Mai Inji," ya ce, "kai ƙarfe ka ɗauko. Ni uwar wani na ɗauko."

Na ce uwar wanin ma ta gaji da zama, na tayar da mashin na bar masa ƙura. Daga ranar gaisuwa ta yi ƙaranci a tsakaninmu, amma daga ɓangarena ne. Shi duk safiya sai ya ɗaga mini hannu ta saman danga.

Abin da ba a faɗa muku sosai ba, don ba maganar yara ba ce, shi ne kafin Maryam mahaifiyarku ta yi ɓari har sau biyu. Na biyun ya riga ya zama mutum, namiji, ni na haƙa masa rami da hannuna. Bayan wannan ta yi watanni ba ta dariya. Da ta sake samun ciki, Iya, kakarku ta wajen uwa, ta shigo mota tun daga Jigwada ta zo da kanta. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta taɓa ba. Ta zauna a bakin gado, ni ina tsugune a ƙofa, ta ce ita ta san abin da ke zubar da cikin 'yarta, yana can jingine a gindin mangwaro yana ɗigar da baƙin mai. Na ce malamar asibiti ta ce ba lallai ba ne girgizar hanya ce. Iya ta ce malamar asibiti ba ta taɓa hawa bayana ba. Talatu, ƙanwata, da take zaune tare da mu a lokacin, maimakon ta taya ɗan'uwanta sai ta ce ita ma duk ranar da na ɗauke ta sai ta kwana da ciwon ƙugu. Iya ta yanke hukunci a tattara kaya, ta tafi da 'yarta Jigwada, ba sai an jira lokacin goyon ciki ba, sai bayan suna in je in ɗauko. Ina tunanin yadda zan yi wata da watanni ina shiga ɗaki ba kowa, sai na ji muryar mahaifiyarku daga can ƙuryar gado. Ita da ban taɓa jin ta musa wa Iya ko da wasa ba.

"Iya, ki yi haƙuri, ba zan bar ɗakina tun yanzu ba. Amma na daina hawa mashin. Awo kuwa, Baba Bulus zai riƙa kai ni."

Da marina ta yi da ya fi mini sauƙi. Duk motocin da ke bin hanyar nan ba ta ga wadda za ta zaɓa ba sai ta mutumin da na yi wa tayin jaki a gaban mata. Ashe ta daɗe da shirya abinta. Tana shiri da matarsa, Mama Saratu, wadda ita ce ke karɓar haihuwar rabin ƙauyen, kuma ita ta zauna da ita a ɓarin na biyu. Iya ta ce ta yarda, amma da sharaɗi biyu: idan lokacin goyon ciki ya yi a kawo mata 'yarta ba gardama, kuma ni da ƙafata zan je in roƙi dattijon.

Na yi kwanaki ina kewaya maganar. Daga ƙarshe na je da yamma, na same shi kwance a ƙarƙashin mota yana ɗaure wani abu da waya. Na gaishe shi, na tambayi gona, na tambayi kaji, na tambayi ruwan bana, har lafiyar motar na tambaya, abin da ban taɓa zaton bakina zai iya ba. Ya bar ni na gama kewaye-kewayena, sannan ya fito yana goge hannu da tsumma. Hausar Baba irin ta mutanenmu na nan ce da suka koye ta a kasuwa, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa.

"Matarka ya riga ya gaya wa Mama," ya ce. "Zan kai shi. A gaba zai zauna."

Bai tuna mini jaki ba, ni ma ban tayar da zancen ba. Haka muka rufe wannan babin har ya bar duniya.

Abin bai zo mini a banza ba. Labari ya zaga, masu mashin na tasha suka samu abin taunawa. Duk na tsaya shan mai sai wani ya tambaye ni ya jikin sabon direban gidanmu, wani ya ce ya ji an ce matar Walƙiya ta koma bin kunkuru. Ranar awo kuma ba aiki, don Iya ta ce dole in kasance a asibitin. Wasu ƙauyukan suka gaji da jira suka kira wani mai gyara daga wajen Akwanga, ba su ƙara nemana ba. Kuma ko a ranar awon ba na iya bin su. Zan raka su bakin ƙauye da niyyar kirki, a kwanar farko haƙurina ya ƙare, in wuce. In isa ƙofar asibiti a Keffi, in sayi rake in shanye, in yi hira da masu gadi har hirar ta ƙare, sannan in hango motar tana tahowa tana rangaji. Mahaifiyarku ta sauko tana dariya, da dafaffiyar gyaɗa a gefen zani, tana ba ni labarin yadda Baba yake rera waƙoƙin cocinsu a hanya, da yadda ya raɗa wa kowane rami suna. Ina jin haushi, amma ina ganin dariyar ta dawo. Cikin kuma ya zauna, ya wuce inda na baya suka tsaya, har na fara jin motsi idan na ɗora hannu.

Tsakiyar damina ce, cikin yana wata bakwai, ana shirin kai ta Jigwada. Da safe aka aiko mini daga wani ƙauye can ta hanyar Akwanga, injinsu ya ƙi tashi. Na bar ta lafiya lau tana tsince shinkafa. A lokacin wayar hannu sai a wajen manyan ma'aikata a gari, idan ka fita ka fita ke nan. Aikin ya ja ni har bayan azahar, na dawo ana yayyafi. Na tarar da ƙofar ɗakinmu a buɗe, gado ba katifa, a tsakar gida ga bokiti da zani a jiƙe, ruwan ya yi ja. Ba Talatu, ba kowa, sai tsohuwar gidan, uwar mai gidan da muke haya, wadda Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba. Tana ganina ta ɗora hannu biyu a ka, ta nuna hanya da haɓa.

"Jini," ta ce. "Sun tafi da shi. Keffi."

Ban san yadda na fito kwalta ba. Kwanonin duwatsun nan da nake taƙama da su, ranar ko ganinsu ban yi ba. Na wuce Garaku ba da nisa ba na tarar da layin motoci, dogo, kowa yana jan jiki. Na san wanda ke gaba tun ban hango shi ba. Na shiga ratsa su ina danna hon, in kutsa nan in fita can, ina zagi a cikin zuciyata. Sai da na wuce da yawa sannan na lura da wani abu: ni kaɗai ke yin hon. Direbobin hanyar nan da ba su san haƙuri ba, masu tasi, masu bas, har da wata tirela, duk sun yi tsit suna bi a hankali, ga hanya a buɗe ba wanda ya yi yunƙurin wucewa. Da na zo daidai motar da ke kusa da gaba, direban ya leƙo ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ba ka da ido ne? Ba ka ga ganye ba?"

Ku yaran yanzu kun fi sanin motar asibiti mai jiniya. A hanyoyinmu na nan, idan maƙwabtanmu Kirista za su kai gawa gida, sukan karyo ɗanyen ganye su soka a gaban mota da bayanta. Duk wanda ya gani ya san ma'anarsa, Musulmi ne ko Kirista. Ba a yi wa motar hon, ba a matsa mata, a shingen hanya ma ba a tsayar da ita. Na ɗaga ido. Motar Baba Bulus ce, an sauke tamfol ɗin baya an ɗaure, ga reshen mangwaro ɗaya a dama ɗaya a hagu, ruwa yana ɗiga daga ganyen. Ta ƙasan tamfol kuma gefen katifarmu ya leƙo, mai shuɗin fure, wadda Iya ta saya mata ta aure.

Hannuna ya saki totur da kansa. Nan take komai ya haɗu a kaina: bokitin nan, hannun tsohuwa a ka, Keffi. Na ce Jigwada za su kai ta, gidan ubanta, a yi mata wanka a sallace ta. Na ce Baba ya yi mata irin girmamawar da ya sani ne, bai san mu ba ma sa ganye ba. Bakina yana ta innalillahi, amma ban san ina faɗa ba sai da na ji muryata.

Tsakanina da tagar Baba bai wuce in murɗa hannu sau ɗaya ba. Motar nan na wuce ta ya fi a ƙirga, a kwana, a kan gada, cikin ruwa. Ranar nan hanya ta buɗe fetal a gabana, na kasa. Ga abin da zuciyata ta raya mini, ku yi dariya in kun ga dama: muddin ina baya, ba wanda ya gaya mini komai. Ganye na gani da katifa. Idan na je daidai tagar nan na dubi fuskar dattijon, shi ke nan, ta tabbata, na zama wanda matarsa ta rasu da ciki. Sai na zauna a baya, na daidaita tafiyata da tasa. Baba ya hango ni a madubi. Ya fito da hannu ta taga yana yi mini alamar in wuce. Har raɓewa ya yi gefe ya ba ni hanya, abin da na shekara ina roƙonsa. Na ƙi. Ya sake fito da hannun yana kaɗawa da ƙarfi. Ni kuwa na ƙara ja baya, na ce so yake ya gaya mini, ni kuma ban shirya ji ba.

A nan ne na fara ganin tuƙin Baba da idon da ba na haushi ba. Yadda yake shiga rami da taya ɗaya, ya jira ta fito kafin ya ba ɗayar. Yadda yake fara taka birki tun kwana tana nesa, don kada abin da ke baya ya gangara. Tamfol ɗin ko motsin kirki ba ya yi. Na ce a raina, dubi yadda bawan Allahn nan yake lallaɓa ta, ita da ba za ta ƙara jin zafi ba. Wannan tunanin ne ya karya ni. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a mutuwar ubana, ruwan sama ya rufa mini asiri. A shingen hanya masu bincike suka janye katako tun daga nesa, ɗaya ya dube ni ya ce sai haƙuri. Ina tunanin da wane baki zan fuskanci Iya, ina tunanin shinkafar da na bar ta tana tsincewa. Ni da kullum nake ganin hanyar Keffi ta yi tsawo, ranar nan roƙon Allah na yi kada ta ƙare.

Ta ƙare. Muka shiga gari, muka zo inda hanya ta rabu, ta Jigwada daban, ta asibiti daban. Baba ya kunna sigina ya bi ta asibiti. Ban yarda na sa rai ba, na ce wataƙila a wajensu sai an fara nuna wa likita. Ya tsaya a ƙofar da ake karɓar marasa lafiya, ya diro da saurin da ban taɓa sanin yana da shi ba, ya yo kaina. Ranar na fara ganin fushinsa.

"Kai wane irin mutum ne? Tun daga Garaku nake cewa ka wuce ka gaya wa likita su shirya. Kullum gudu, kullum gudu, yau da ake son gudu ka zama liman. Zo ka kama shi."

Ina riƙe da mashin. Na ce, "Baba, ganyen fa?"

Ya juya ya dubi ganyen kamar wani ne ya soka, ya juyo ya dubi fuskata da kyau. Sai na ga fushin ya zube. Ya dafa kafaɗata, ya rage murya yadda ba mai ji sai ni.

"Wayyo, yarona. Ƙarya ne. Yana da rai."

Talatu ta ɗaga tamfol daga ciki. Ga mahaifiyarku kwance, kanta a cinyar Mama Saratu, fuskarta ta yi fari, leɓenta ya bushe, amma idonta biyu, kuma ni yake nema. Na saki mashin ya faɗi, madubinsa ya fashe, ban ko waiwaya ba. Muka kama katifar mu huɗu muka shiga da ita.

A kan bencin jira Baba ya ba ni sauran labarin. Da suka fito kwalta, wata bas ta matsa masa da hon har ta tura shi gefen da ruwa ya cinye. Motar ta yi tsalle, mahaifiyarku ta yi ƙara, jinin ya ƙaru. Mama Saratu ta buga masa gilashi ta ce in aka ƙara irin wannan ba za su kai ba, kuma ko me ya faru kada ya yi ta tsaye-tsaye. Sai ya tsaya sau ɗaya tak a gindin wani mangwaro ya karyo rassa. Talatu ta sa kuka ta ce wannan mugun fata ne, ba za a sa wa mai rai ganye ba. Ya ce abin da ya gaya mata shi ne, mutanen hanya ba sa tausayin mai ciwo amma suna tsoron gawa, Allah kuwa ya san ƙarya yake yi, ba zai ɗauka da gaske ba. Bai taɓa kawowa a ransa cewa ni ma ƙaryar za ta kama ni ba, ya ɗauka an gaya mini komai a gida. Muna cikin haka Talatu ta fito tana tambaya me ya hana ni wucewa, ita da take jin mashin a baya tun ɗazu. Kafin in buɗe baki Baba ya ce mai ne ya kusa ƙare mini. Ya faɗa yana kallon ƙasa, dattijon coci guda, ƙarya ta biyu a yini ɗaya.

Kafin magariba aka yi mata aiki aka ciro Maryam, bakwaini, ba ta fi tafin hannuna biyu ba, aka sa ta a kwalba. Aka nemi jini na bayar. Baba ma ya naɗe hannun riga, suka ce ya tsufa, ya tsaya yana gardama da malamar har sai da Mama Saratu ta jawo shi. Iya ta iso da mayafi a karkace. Abin da ta fara gani a ƙofar asibiti motar ce da ganyenta, don ba wanda ya tuna ya cire. Da aka yi mata bayani ta yi faɗa kamar za ta ci mutum, ta fizge rassan da hannunta ta watsar a kwata, tana cewa wa ya isa ya yi wa 'yarta wannan fatan. Sannan aka shiga da ita ta ga 'yarta tana numfashi, ta ga jikarta a kwalba tana motsa ƙafa. Da ta fito sai ta nufi inda Baba yake zaune, matar da ko surukanta maza ba ta tsayawa dogon magana da su, ta durƙusa har ƙasa ta yi masa godiya. Baba ya rasa inda zai sa kansa, ya yi ta cewa ba komai, ba komai, maƙwabci ne. Abin da ya sa ke nan kuka tashi kuka ga duk Kirsimeti muna ɗaure kaji da shinkafa mu nufi ƙauyen nan, duk Sallah kuma ƙafar rago ta farko can take tafiya, har bayan ransa. Ba bashi muke biya ba, wannan ba ya biyuwa. Allah ya haɗa mu da mutumin kirki a lokacin da ni ban san darajarsa ba, mahaifiyarku ta sani.

Sai da ta kwana biyu kafin ta iya magana sosai. Na shiga da rana na same ta ita kaɗai, an jingina ta da filo. Na zauna a bakin gado ina jiran faɗa, don na san Baba ya so in riga su isowa, kuma da na yi haka da an rage mata jira a ƙofa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi magana a hankali, tana hutawa tsakanin kalma da kalma.

"Malam, na ji mashin ɗinka. Tun bayan Garaku na gane ƙararsa. Na ce wa Mama ga shi nan, yanzu zai wuce mu kamar kullum. Sai na ji ba ka wuce ba. Akwai inda na ji kamar ana jana zuwa wani wuri mai sanyi, na gaji, ina so in saki. Sai in kasa kunne, in ji kana nan a baya. Na ce mutumin nan bai taɓa jiran kowa a hanya ba, yau ni yake jira. Ba zan ba shi kunya ba."

Na riƙe hannunta. Ban gaya mata cewa gawarta nake rakawa ba. Ranar ban gaya mata ba don ba ta da ƙarfin ji, daga baya kuma na ga ta riƙe maganar nan tana jin daɗinta, na kasa ƙwace mata. Har yau da nake wannan rubutu, tana can tsakar gida tana yi wa jikokinta faɗa, ba ta sani ba. Na yi ta tunani ko in tafi da abina kabari, sai na ga ta cancanci ta san yadda duniya ta zame mini a 'yar tafiyar nan da na ɗauka babu ita. Idonta ba ya ganin ƙananan rubutu yanzu, ni kuma na gwada faɗa da baki, murya ta ƙi. Maryam, ke za ki karanta mata wannan. Ki bari sai ta idar da sallah ta zauna, ki karanta mata a hankali.